Yadda Za Ka Shiga Gasar Rediyo Surukinka Na Zaune a Falo

Matarka ta koma gidansu don ka fi hira da tauraron ɗan'adam? Surukinka ya tako da kansa jin ba'asi, kuma yau ce ranar gasar masu kiran juna ta rediyo don sha'awa? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin kofi da mata gaba ɗaya.

1. San dokar maki
Duk wanda ka kira ta tauraro ya maimaita lambar rediyonka, ka samu maki. Na nesa ya fi tsoka. Tauraron kuwa ba ya jiran kowa, ya leƙo ya wuce kafin shayi ya huce. Suruki yana iya jira, ai dattijo ne.

2. Durƙusa kusa da ƙofa
Sunkuyar da kai kamar mai nadama, a haka agogo ya fi ganuwa. Kome ya faɗa, ka ce, "Gaskiya ne, Baba."

3. Sulale
Da ya kai wurin "Yarinyar nan ta ce ko ita ko ƙarafunan nan," lokaci ya yi. Ka ce cikinka ya murɗa. Babu surukin da ke bin diddigin wannan. Haye rufin ɗaki da rediyonka.

4. In ya biyo ka
Zai biyo, don zai jiyo ka kana rafka wa sama kira. Kada ka yi bayani, miƙa masa eriya. "Baba, ɗan nuna ta can. Sama kaɗan." Dama hannunka ya gaji.

5. Bar shi ya ji
Murya za ta ɓullo cikin shuu daga bayan teku. Zai ce, "Kai, yana jin mu?" Zai ƙwace abin magana ya gaishe da mutumin har da iyalinsa. Sannan ya ce, "Kira mana wani."

6. Karɓi sakamako
Alƙalan gasa sun ji wannan gaisuwar. Doka ta ce wanda aka taya ba shi kaɗai ya yi ba, don haka za a jefa ka rukunin ƙungiyoyi, ka zo na ƙarshe.

Gargaɗi
Ba ruwana da abin da ya biyo baya, kada a neme ni. Kofi ya tafi, matarka tana gidansu, kuma na san kewarta na cin ka. Amma surukinka zai riƙa zuwa duk ƙarshen mako. In ka tambayi labarinta, zai ce, "Wa? Au, tana lafiya. Yaushe abin nan zai sake wucewa?"