Gyambon Tambari

"Lahiya lau, ya gajiya? Au, na mance, ina ke ina gajiya, ɗalibar da ke karatunta gindin icce!"

Sadiyatu ko ɗaga kai ba ta yi ba. Muryar Tambari ce, ɗan kawunta, taubashinta tun suna wasan ƙasa a Ƙofar Marke. Shi ya sauke ta ɗazu da keke napep ɗinsa a bakin kwalejin da ake yi wa manya darasi duk Asabar, ya tafi neman fasinja. Ga shi ya dawo ya iske ta a gindin dogon yaro, aji kuwa ana can ana yi ba ita. Rana ta take, irin ta Sakkwato mai sa mutum ya tsani rigarsa. Baiwar Allah rabonta da barcin kirki tun bara, da ɓarin jikin maigidanta Malam Sule ya shanye. Ita ce ɗagawa, ita ce wankewa, ita ce ba shi abinci a baki. Abin da ya kawo ta makaranta da furfurarta ke nan, darasin jinyar marar lafiya a gida.

"Tahi ka ba ni wuri, Tambari. Yau ba ni da ƙarhin haukarka."

"Koro ki anka yi ko? Na sani! Tun muna makarantar allo, wankin allon kaɗai kinka iya."

"Ji mai magana. Kai da malam yat tura ɗebo ruwa, har yau ba ka komo ba?"

"Ruwan nika nema, shi yas sa nis sayi keke."

"Wanga gwangwanin? Ɗazu da nis sauka sai da nid duba ko haƙorana sun cika."

"Duka nawa sunka rage da za ki wahal da kanki?"

Ta buɗe baki za ta rama, sai ajiyar zuciya ta fito maimakon magana. Nan fa Tambari ya san ba lafiya ba, don Sadiyatu ba ta taɓa bar masa ta ƙarshe ba. Ya kashe keken, ya zo ya tsuguna gefenta.

"Ke, mi yaf faru?"

"Malamarmu ta haihu. An kawo wani."

"To? Cizo shika yi?"

"Mijin Zulaiha na."

Tirƙashi! Gazali ke nan, ma'aikacin jinya, mijin 'yarta ta fari. A gidan su Sadiyatu kuwa suruki ba abin wasa ba ne. In ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita tana amsawa ta bayan labule. Ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, balle ta sha ruwa yana kallo.

Tambari ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi.

"Wayyo cikina! Shi ce ɗalibai ku miƙe, ki miƙe! In kinka yi surutu shi sa ki kama kunne!"

"Yi dariyarka. Allah shi sa matar ɗanka ta yi maka allura."

"Ba amin ba! Muguwa, mi yai zahi?"

Ta ja gefen mayafi ta share gumi. Da ta sake magana muryarta ta yi ƙasa.

"Gyambo ya hito ma Malam, Tambari. Nan ƙasan baya, wurin zama. Na sa man shanu, na sa toka, ƙara buɗewa shika yi. Jiya nij ji ya soma wari. Yau darasin gyambon kwanciya za a yi, duk satin ga jiranai nika yi in tambayi malama. To yanzu in tashi cikin jama'a in yaye ma Malam zane gaban mijin ɗiyatai? Mutumin da in yaron ga ya zo gaisuwa sai ya sa na ruhe shi har wuya?"

"Ki gaya ma Zulaiha mana."

"Ɗiyar fari? In ce mata mi?" Ta dafa ƙasa za ta tashi. "Na gaji, wallahi na gaji. Kai ni gida."

"Keke ba mai."

"Ƙarya kaka yi."

"Ko da mai, ba ni ɗaukar 'yan gudun makaranta." Ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe. "Tashi mu shiga. Ke da anka haifa da baki awa reza, yau ga ki kina aron nawa. Duniya!"

"Tambari, kada ka tona man asiri."

"Ni dai karatu zan yi. Ke zauna bayana ki ga yadda masu ƙwaƙwalwa ka yi."

Ba don ta yarda da hankalinsa ba ta bi shi, sai don ba ta da wata dabara. Ta lallaɓa bencin ƙarshe, ta ja mayafi har kan hanci. Ajin kusan duk mata ne, da yawansu 'yan Runjin Sambo, unguwar Tambari, fasinjojinsa na kullum. Gazali na ganinsa ya rusuna ya ce, "Sannu da zuwa, Baba." Baba kuwa ko gama zama bai yi ba ya ɗaga hannu.

"Malam, gyambo gare ni."

"Subhanallahi. Ina, Baba?"

"Inda nika zama."

Wata ta shaƙe da dariya ta fake da tari. Sadiyatu ta ji kamar ta nutse. Amma tunda an riga an fara, sai ta matso ta raɗa masa ta bayan kunne.

"Na sa man shanu," in ji Tambari da ƙarfi. Ta sake raɗawa. "Na sa toka, ƙara buɗewa shika yi." Ta zungure shi da biro a haƙarƙari. "Kai! Kuma ya soma wari, na kusa da ni ku yi haƙuri."

Matar da ke gefensa ta ja jakarta ta matsa.

Gazali ya dubi tsohon da ya shigo da ƙafafunsa garau, ya kuma zauna daram a kan katako. Idonsa ya tasam ma bencin baya, sai ya yi maza ya juya ya fuskanci allo. Daga nan bai sake waiwayowa ba. Ya yi bayani a hankali, da murya sama yadda na ƙarshen aji zai ji: a daina man shanu da toka, a riƙa juya mai jinya akai-akai, a tokare shi da matashi, kada a bar shimfiɗa da laima. Da ya kai ƙarshe ya koma farko ya maimaita.

"Amma Baba," ya ce, har yanzu allon yake kallo, "gyambon da yas soma wari ba a bari shi kwana. Bayan la'asar zan zo da kayan aiki in wanke shi da hannuna. Mai shi shi yi haƙuri da ni, ai ni ɗa na."

"Ka san gidan?" in ji Tambari.

"Na san gidan, Baba."

Hawaye suka zubo wa Sadiyatu a cikin mayafi. Kunya na nan ba ta tafi ba, amma tun bara ba ta ji wani ya kama mata kayan nan ba sai yau.

Sai ga wata tsohuwa ta ninke sallayarta ta turo wa Tambari.

"Sannu, Alhaji, ɗora nan. Ashe da wanga ciwo kaka jan mu cikin keke! Allah sarki."

Tambari ya karɓa ya yi godiya, fuska a murtuke, sannan ya karkato kai baya.

"Kin kashe man kasuwa, muguwa. Gobe duk Runjin Sambo wa za shi hau kekena?"

Dariya ta ƙwace wa Sadiyatu, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ta kwance bakin zanenta ta ciro goro fari, ta cusa masa a hannu.

"Ungo, na sallama, yau ka kada ni. Amma karkace ka zauna da gehe guda, ana kallonka."