Ragowar Maganin Malam

Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, birkila ne a Malumfashi, kuma gwiwa ta daɗe tana ba shi wahala. Akwai wasu jajayen ƙwayoyi na kumburi da ciwon gaɓoɓi da yake saya a wurin masu talla a tasha, ya juye a gwangwanin madara. Kullum safe da koko yake kora su, in aiki ya yi nauyi ya ƙara da rana. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi, likita ya ce mana irin wannan magani, in mai hawan jini ya daɗe yana sha, ƙara tayar da jinin yake yi, har ya kasa kaiwa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. Ni dai ban yi nisa a boko ba, amma wannan kam na gane, don a gabana ɓarin jikinsa ya riga shi tafiya.

Ina cikin takaba aka zo rabon kayansa. Wannan ya ɗauki riga, wancan ya gwada hula. Ƙaninsa Lurwanu, abokin wasana tun ina amarya, ko kallon rigunan bai yi ba. Shi ma birkila ne, shi ma da nasa hawan jinin. Ya ɗingiso har bakin ɗakina, ya tsuguna da ƙyar.

"Matar Yaya, ina gwangwanin nan na Malam? Na san ya bar ragowa."

Na ce, "Ya bari. A masai zan zuba."

"Subhanallahi! Almubazzaranci a cikin takaba? Ga mabuƙaci a gabanki!"

"Lurwanu, ba kana tsaye likita ya yi bayani ba? Ko kunnen ma ya kumbura ne?"

"Likita ai dole ya faɗi wani abu. Kwana ne ya ƙare. Ke dai miƙo, gobe akwai zubin kankare, kuma a bene ne."

"Ka je asibiti su duba ka. Ni ba zan ara wa matarka tabarmar nan da nake kai ba."

Ya gyara tsuguno, ya sassauta murya. "To, faɗi tsakaninki da Allah. Maganin nan bai yi wa Yaya aiki ba?"

Na ce, "Ya yi mana. Tun da kuka kai shi kuka dawo, ka ji ya ƙara kukan gwiwa?"