Garwashin Malam Idi

Ba zan taɓa mantawa da makon da ilimi ya kusa raba ni da Rabi ba.

Lokacin ban daɗe da dawowa Maraɗi daga Yamai ba, ina koyar da kimiyyar fizik a wata lise, wato makarantar sakandare, kai ya kumbura. Na tafi garin Tsibiri gaida mahaifin Rabi, yarinyar da nake nema. Malam Idi mai tsire ne, a bakin tukubarsa na iske shi da abokan hira. Ya tambaye ni abin da na karanta. (Da na ce "malanta" na kama bakina, da an wuce wurin.)

Sai na ɗaga gawayi guda. Na ce wannan karbon ne, kuma kowace ƙwayar zarrarsa tana da cibiya. In aka zuga cibiyar, ƙarfi ya yi mata yawa, sai ta fitar da shi a matsayin hasken gama, wanda ido ba ya gani amma yana ratsa jikin mutum. Aka yi tsit, ni kuwa na ɗauka burgewa ce. Ban faɗa musu cewa sai da manyan injunan bincike, ko a cikin taurari, ake zuga ta haka ba. Garwashin tsire bai isa ba.

Kafin Juma'a labari ya kai Jiratawa: mai neman ƴar Idi, ɗan boko, ya ce wutarsa tana huda hanji. Tsire ya riƙa kwana. Rabi ta daina ɗaukar wayata.

Na koma wurin Malam Idi. Abin da ya fi yi mini ciwo, bai yi faɗa ba. Benci ya jawo mini dab da wuta, ya turo mini faranti.

"Ci, ɗana, su gani."

Na ci, jama'a na kallo, ina zuba bayani da baki cike, yaji yana sa ni hawaye. Wata tsohuwa ta tsaya jiran in faɗi. Da ban faɗi ba, ta saya.

Can Malam Idi ya ce, "Ita cibiyar nan, in ta hidda abin da ke cinta, mi take yi?"

"Sai ta natsu, Baba."

"To, madalla. Kai ma ka hidda naka."

Rabi tana ɗakina yanzu. In aka tambaye ni abin da na karanta, sai in ce malanta, in nemi ƙarin albasa.