Tela da Gwangwanin Laraba

Wani tela ne, ya rantse ya maya cewa Laraba ranar tsautsayi ce. In ta zo, ko zare ba ya zura wa allura. Sai ya garƙame shago, ya miƙe a gado, ya yi ta sharar barci.

Rannan matarsa ta gaji, ta ce, "Maigida, wannan fa ba camfi ba ne, lalaci ne."

"Lalaci? Ni? To a gwada mana!"

Ya jera gwangwani bakwai a bakin taga, kowace rana da nata. Duk ranar da tsautsayi ya same shi, sai ya jefa maɓalli ɗaya a nata. Matar ta ce ta yarda, amma in wata ya cika Laraba ba ta zo ta ɗaya ba, barcin nan ya ƙare, shago zai riƙa buɗewa.

Litinin allura ta soke shi, ya jefa. Talata ya ƙone rigar mutane da dutsen guga. Asabar ya ɗinka wando, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Na Laraba kuwa wayam! Yo wanda ke kwance, me zai same shi?

Larabar ƙarshe gogan naka ya leƙa gwangwanin Laraba, babu ko maɓalli ɗaya. Barci zai suɓuce! Ya zari takalmi.

"Ina zuwa, maigida? Yau fa Laraba."

"Hujja zan kawo miki."

Ya hau ruɓaɓɓen tsanin maƙwabci har ƙarshe, ya sauko lafiya lau. Ya ja wutsiyar karen makanike, kare ya lashe masa hannu. Ya je wurin wani mahauci mai zafin kai, ya ce, "Naman nan naka wari yake!" Mahauci ya tuntsire da dariya, ya ba shi kyautar hanta.

Da yamma ya dawo rai a ɓace, ko ƙwarzane babu. Ya ɗauko jakar maɓallai, ya juye ta kaf a gwangwanin Laraba.

Matar ta dafe ƙirji. "Subhanallahi! Me ya same ka haka?"

"Ba komai."

"To maɓallan na mene ne?"

"Haba ke kuwa! Mutum ya yini yana neman tsautsayi bai samu ba, akwai rashin sa'ar da ta wuce wannan?"