Ranar da Na Ƙaryata Fundi Sa'idu a Gaban Jikokinsa

Ba zan taɓa mantawa ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta, da wata Asabar a Vénissieux, kusa da Lyon a Faransa, da na tsaya gaban zaure cike da mutane ina koya musu tarihin garinsu. Ni ɗan Damagaram, wanda a lokacin babban ruwan da ya taɓa gani shi ne tafkin bayan unguwarsu, sai kuma kogin da ya ratsa Lyon.

A shekarar ina karatun digiri na uku a fannin labarin ƙasa, ina zaune a hawa na tara a unguwar Minguettes. Maƙwabcina wani dattijo ne daga tsibiran Komoro, ana ce masa Fundi Sa'idu (fundi a wurinsu malam ke nan). A masallaci muka saba. Da ya gane ba ni da kowa a garin, sai ya riƙe ni kamar ɗansa. Duk Juma'a a gidansa nake cin shinkafa da madarar kwakwa, ina loma yana ba ni labarin garinsu. Ba zan faɗi sunan garin ba, don na tabbata har yau akwai masu tuna ni a can, kuma ba da alheri ba.

Ɗan ƙaramin gari ne a bakin teku, dutse ya tokare shi ta baya, gonakin kanumfari sun hau jikin dutsen. Ya ce gidajen tsohon gari da dutsen cikin teku aka gina su, lungunan kuma mutum biyu ba sa iya jerawa. Akwai ragowar ganuwa da kakanninsu suka yi saboda mahara masu zuwa cikin kwalekwale. Amma labarin da ya fi so shi ne na wani ɗan tsibiri da ke fuskantar garin, inda aka binne waɗanda suka kafa shi. Ya ce sau ɗaya a shekara gari kan fita kwansa da kwarkwatarsa, a taka da ƙafa har tsibirin, a yi wa kakanni addu'a a dawo. Har ya ce yana saurayi ya taɓa goyo kakarsa a hanyar.

Abin da ke cin ransa shi ne jikokinsa. A Lyon aka haife su, ba wanda ya taɓa kwana a garin. Idan ya soma labari sai su yi murmushin nan da ake yi wa tsoho, ido na kan waya. Babbar cikinsu, Najma, ita ce mai ɗan saurara, ita ma don ladabi. Saboda haka da ƙungiyar 'yan garin ta shirya taron shekara, sai ya roƙe ni in yi jawabi da taswira da hotuna. Ya ce ni mai karatu ne, yaran za su ji maganata, su san kakansu ba shirme yake yi ba. Iyakar abin da ya nema ke nan a wurina, bayan duk shinkafar da na ci.

Kaina ya kumbura. Maimakon in zauna gabansa da alƙalami, sai na hau jirgin ƙasa na tafi Paris wai binciken tsofaffin taswirori. Na sauka wurin abokina Habu, mutumin Maraɗi da ke aikin dakon kaya a kasuwar Rungis. Kwana uku na yi a ɗakin karatu. Taswirar Turawa ta nuna tsibirin ruwa ya kewaye shi. Na buɗe hoton tauraron ɗan adam a na'urata mai ƙwaƙwalwa, nan ma shuɗin ruwa ne tsakaninsa da gari, babu gada, babu hanya. Na auna tazarar, na yi murmushin wanda ya gano abin da ya shige wa kowa duhu.

Da na nuna wa Habu, ko kallon na'urar bai yi sosai ba. Ya kira ni yadda ake kiran malamin boko a wurinmu, ya ce, "Bon, Mushe, mi ya hana ka tambayi tsohon? Shi fa ya ce da ƙafa tai ya taka wurin." Na ce masa ilimi ba a yin sa da ka-ce-na-ce. (Habu bai wuce aji shida ba, kuma na tuna masa da hakan a ranar. Allah ya yafe mini.)

Ranar taro na sa kwat har da ɗamarar wuya. Mata sun yi ado, an jera sambusa, dattawa na gaba da hulunansu, matasa na baya. Fundi Sa'idu da kansa ya riƙo hannuna ya kai ni gaba, ya ce wa jama'a ga ɗansa daga Nijar, masani ne. Da farko abin ya tafi daidai. Na yi maganar dutsen, na yi ta ganuwa da kanumfari, ana gyaɗa kai. Har matasan baya suka ɗago daga wayoyinsu, shi kuwa dattijon sai waiwayen jikokinsa yake yana fara'a.

Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin bayarwa. Amma sai na haska hoton tsibirin a bango, na gyara murya. Na ce kowace al'umma tana da tatsuniyoyinta masu daɗi, kuma wajibi ne mu girmama su, sai dai aikin masani shi ne ya raba tatsuniya da tarihi. Na nuna ruwan da ɗan sandana na ce ba mahalukin da ya taɓa taka nan da ƙafa, sai dai idan kakanninsu a kan ruwa suke tafiya. Wasu samari a baya suka tuntsire da dariya, ɗaya har da tafi, kuma cikinsu akwai jikokinsa. Na ɗauka na burge. Sai da na kalli layin gaba na ga Fundi Sa'idu ya sunkuyar da kai yana murza hularsa a hannu.

Wata tsohuwa ta dogara sanda ta miƙe. Ba ta jin Faransanci sosai, sai ta yafito Najma ta fassara mata. Cikin natsuwa yarinyar ta ce, "Tana tambaya, hoton nan ƙarfe nawa aka ɗauke shi?"

Na ce ban sani ba, kuma ban ga abin da ya haɗa lokaci da maganar ba.

"Ta ce, a garinku teku ba ya janyewa ne?"

Wallahi a nan na gane kuskurena. Na san teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini. Na karanta, na rubuta a jarrabawa, har maki mai kyau na ci. Amma a cikin kaina ruwa irin namu ne: ya cika da damina, ya ƙafe da rani, ba ya canza ra'ayi tsakanin hantsi da la'asar. Tsohuwar ta ci gaba da bayani, Najma na fassarawa, cewa idan wata ya cika ruwan kan ja baya sosai har ƙasa ta fito, a wuce, a kuma gaggauta dawowa kafin ya komo. Sannan ta ce duk wanda ya taɓa taka hanyar ya ɗaga hannu. Dattawan gaba kaf suka ɗaga, maza da mata. Mutum ɗaya ne bai ɗaga ba, shi ne wanda ya kawo ni.

Ba a yi mini ihu ba, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Dariya ce ƙasa-ƙasa ta zagaya zauren, irin wadda ake yi wa baƙon da ya zauna a kan tabarmar liman. Na tattara wayoyin na'urata. Wata baiwar Allah ma ta cusa mini sambusa a leda, wai in tafi da ita.

Washegari na ƙwanƙwasa ƙofarsa na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ya sa aka kawo mini shayi. Juma'a ta zo ya aiko a kira ni cin abinci kamar kullum, haka wadda ta biyo. Sai dai labari ya ƙare. Mukan yi maganar sanyi, da ciwon gwiwarsa, da lif ɗin gidan da ba ya aiki. Wata rana na yi ƙarfin hali na zo da littafi, na roƙe shi ya faɗa mini sunayen kakannin da ke kwance a tsibirin, don shi kaɗai na taɓa ji yana jero su. Ya dube ni ba tare da fushi ba, ya ce, "Ɗana, ka duba a na'urarka."

Bayan shekara guda ya koma gida, can kuma Allah ya karɓi abinsa. Najma ta taɓa tambayata ko na rubuta wani abu daga labaransa, tunda ni na fi kowa zama da shi. Na ce mata a'a. Abin da nake da shi taswirar Turawa ce da hoto ɗaya na ruwa.

Yanzu ni ma koyarwa nake yi, ɗalibai na ce mini masani ina amsawa ba kunya. Amma duk sanda tsoho ya faɗi abin da bai yi daidai da takardata ba, nakan fara tambayar kaina ƙarfe nawa aka ɗauki hoton.