Tsohuwar da Ke Kai Saƙo Tsakanin Baba da Auta Ta Rasu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ta ƙi zama wuri ɗaya tun da abin ya faru, ni babbar 'yar gidan nan, a madadin mahaifinmu Baba Direba, da ƙanwarsa Gwaggo, da ƙanena Auta, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar talabijin ɗinmu, wadda muka fi sani da Tsohuwa. Ta rasu ranar Talata da hantsi a kan teburinta na kusurwar falo, bayan gajeriyar rashin lafiya, a daidai lokacin da muka fi bukatarta. Auta zai tafi aiki wata ƙasa mai nisa ranar Asabar, kuma har yanzu Baba bai sa masa albarka ba. Masu tambayar me ya haɗa albarka da talabijin su yi haƙuri, bayani na tafe. A tsaye nake wannan rubutu, don na kasa zama.

Marigayiya ta shigo gidan nan tun ina 'yar firamare. Irin mai ƙatuwar ƙeya ce, ba irin na yanzu da ake mannawa a bango kamar kalanda ba. Ba ta da gaggawa. In an kunna ta sai ta ce “tsssss”, ta yi shiru tana nazari, sannan “ƙwas!”, hoto ya buɗe daga tsakiya. Ranar da ranta ya ɓaci kowa kore yake komawa, har mai karanta labarai, sai an ɗan mare ta a kunnen hagu ta dawo hayyacinta. Ba ta taɓa riƙe mu da wannan mari ba.

Amma babban aikinta ba nuna hoto ba ne. Shekarun baya Auta ya ajiye karatun injiniya ana tsakiyar yi, ya ce shi zanen katun zai yi, irin masu manyan idanun nan da ake kira anime. Baba, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sitiyarin doguwar bas don yaron nan ya yi karatu, bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi. Daina yi masa magana ya yi kawai, Auta kuma, da yake taurin kan gado ne, ya rama. Mama ce ke kai saƙo tsakaninsu, kuma da Allah ya yi mata rasuwa gidan ya yi tsit har ana jin numfashin firji. Ni na gwada maye gurbinta, amma ba ni da haƙurinta. In aka ba ni saƙo sai na ƙara masa gishiri.

Wata rana da yamma Baba yana kallon fim ɗinsa na 'yan leƙen asiri, Auta yana bayan kujera yana ta tari. Jarumin ya diro daga jirgin ƙasa cikin sanyi da 'yar shara-sharar riga. Sai Baba ya nuna shi da rimot ya ce, “Kai yaro, ba ka da hankali ne? Ga sanyi, ga tari, ka fita ba rigar kirki?” Jarumin fim ɗin ko atishawa bai yi ba. Washegari Auta ya fita da rigar sanyi. Da dare ya yi ya sa nasa katun, wani tsohon malamin takobi yana ta masifa a kan dutse, sai Auta ya ce wa allon, “Tsoho, ka sha maganin hawan jininka tukuna, sannan ka ci gaba da faɗan.” Baba ya yi gyaran murya, ya tashi, muka ji ƙarar kwalbar magani. Tun daga ranar Tsohuwa ta kama aiki, kuma ba ta taɓa ƙara gishiri a saƙon kowa ba.

Ta kasance mai adalci wajen rabon lokaci. Safiya ta Gwaggo ce, wadda likita ya ce ta riƙa motsa jiki saboda gwiwa, ita kuma ta zaɓi bidiyon koyon rawa. Yamma ta Baba, bayan cin abinci kuma ta Auta. Sai dai a gidanmu ba wanda ke barin wani ya yi kallonsa cikin kwanciyar hankali. Kowa sai ya zauna a na kowa, don ya kushe.

Marigayiya ta sha jin ra'ayoyi, ta haɗiye. Baba yana son finafinan leƙen asiri kamar ransa, amma bai taɓa yafe musu tuƙi ba. “Dubi yadda ya sa giya! Wallahi da a tasharmu ne, ko wankin mota ba za a ba shi ba. Kuma tun ɗazu yake gudu, yaushe ya sha mai?” Abin da ya fi ci masa rai shi ne mugun da ke cikin fim ɗin, wanda in ya kama jarumi sai ya ɗaure shi a kujera ya zauna yana ba shi labarin duk shirinsa. “Surutu ne zai kashe ka,” in ji Baba, kuma kullum surutun ne ke kashe shi. Auta kuwa cewa yake fim ɗaya ne ake ta maimaitawa, kwat ɗin kawai ake canjawa, kuma bai taɓa ganin shugaban 'yan leƙen asirin nan ya ce wa yaronsa sannu da aiki ba. Wannan maganar ta ƙarshe da ƙarfi yake faɗinta.

A ɓangaren anime, Baba ya ce bai gane mutanen da za su cinye kashi uku na shirin suna ihu kafin su kai naushi ɗaya ba. Gwaggo kuma damuwarta gashinsu ne: “Yaran nan ba su da uwaye ne? Wa ya bar yaro ya fita da kai shuɗi, a tsaye kamar tsintsiya?” Amma ranar da wani ƙaramin dodo mai kunnuwan zomo ya mutu a hannun ubangidansa, Gwaggo ce ta jiƙa gefen mayafinta, Baba kuma ya ce hayaƙin maganin sauro ne ya shiga masa ido, alhali ba a kunna ba. Ita kuwa malamar rawa, Gwaggo ta yanke hukunci tun darasin farko cewa matar nan ba ta da ƙashi a jiki kuma ba ta taɓa haihuwa ba. “Ɗaya, biyu, juya!” in ji Tsohuwa da muryar malamar. “Juya ke, ni gwiwa gare ni,” in ji Gwaggo, tana juyawa.

Ta bakin marigayiya muka ji labarin tafiyar Auta. Jarumin katun ɗinsa yana kan jirgin ruwa yana ɗaga wa ƙauyensu hannu, sai Auta ya nuna allon ya ce, “Ka ga wannan, shi ma wani kamfanin zane ne ya ɗauke shi aiki a nesa. Ƙarshen wata zai tafi. Ba ya son ya tafi babansa bai ce komai ba.” Baba ya daɗe yana kallon jirgin, sannan ya tashi ya shiga ɗaki. Da safe ya kira ni gefe ya ce in nemo masa faifan ƙarshe na jerin fim ɗinsa, wanda a ciki shugaban zai raka yaronsa filin jirgi. Abokinsa na tasha ne ya ba shi labarin wurin. Na gane nufinsa, ban nuna na gane ba. Na zaga shaguna har na samo, aka sa ranar Laraba za a kalla. Baba har aski ya je ya yi.

Game da ciwon ajalinta, dole in faɗi wata ɗabi'a ta gidanmu. Mu ba ma kashe talabijin in abin kunya ya fito, domin Tsohuwa tana daɗewa kafin ta sake tashi. Lulluɓe ta muke yi. In ɗan leƙen asiri ya matsa kusa da wata mai jan baki, Gwaggo ta wurga mata tawul, mu zauna muna sauraren kiɗa har Baba ya ce, “To, sun gama, an fara harbi,” a yaye. In malamar rawa ta fara abin da ya wuce motsa gwiwa, Baba ya jefa mata zanin tebur. Mun ɗauka sutura muke yi mata. Ba wanda ya taɓa lura cewa ta 'yan ramukan saman kanta take numfashi.

Ranar Talata Gwaggo tana tsakiyar darasi, ta ɗaure ɗankwali a ƙugu, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa: tsofaffin direbobi ne abokan Baba suka zo gaisuwa. Cikin ruɗewa ta rage murya har ƙasa, ta rarumi bargon Baba mai nauyi ta lulluɓe Tsohuwa ruf, ta gyara ɗankwali, ta buɗe ƙofa da fuskar mutanen kirki. Baƙin nan kuwa ba su san tashi ba. Aka sha shayi, aka sake dafa wani, aka tuno duk wata taya da ta taɓa fashewa a hanya, malamar rawa tana can ƙarƙashin bargo tana juyi ita kaɗai. Sai ɗayansu ya ɗaga hanci ya ce, “Kamar kulocin motar wani yana ƙonewa.” Kalamanta na ƙarshe, kamar yadda waɗanda suka halarta suka shaida, su ne “fzzz… tas!” Aka yaye bargo, wani siririn hayaƙi ya tashi, shi ke nan.

Mun yi iya ƙoƙarinmu. Na mare ta a kunnen hagu, na mare ta a na dama, abin da ban taɓa yi ba. Na ɗauko mai gyara daga shagonsa yana cikin cin abinci. Ya kwance ƙeyarta, ya sunsuna, ya girgiza kai ya ce, “Anti, sai haƙuri. Abin da ya ƙone ɗin nan an daina yinsa tun ina koyon aiki.” Na aro ta maƙwabta, sabuwa fil, siririya. Baba ya dube ta sama da ƙasa ya ce shi ba ya sakin baki a gaban baƙuwa. Na sa fim ɗin a wayata na jingina ta da kofi, ya ce ba zai yi magana da abin da ake sakawa a aljihu ba. Na ce, “Baba, to ga Auta nan, ka gaya masa mana!” Ya dube ni kamar na ce ya tuƙa bas da baya a kan gada, ya fita baranda.

Marigayiya ta bar rimot ɗaya, wanda roba ke riƙe da murfinsa, da na'urar faifai da ke ta lumshe jan idonta ba ta san an yi rashi ba, da faifan ƙarshe da ko ledarsa ba a cire ba. Ta bar Gwaggo, wadda ta iya juyawa hagu amma ba a kai ga darasin dama ba, kuma tun ranar take bin mu da kuka tana cewa ita ta kashe ta. Ta bar ɗa da ke shirya akwati yana warwarewa, da uba da ke zarya daga ɗaki zuwa baranda yana buɗe firji ba ya ɗaukar komai. Jiya na ga Baba ya zauna gabanta, Auta yana tsaye a bayansa. Ya ɗaga rimot, ya buɗe baki, sai ya ga ba kowa a baƙin gilashin sai shi da ɗansa. Ya rufe bakin. Na shiga kicin na wanke kwanukan da na riga na wanke. Tsoro nake ji, in faɗa muku gaskiya. Baba ya manyanta, ƙasar nan kuma da nisa, kuma na san irin kan da su biyun suke da shi.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da yamma, jajibirin tafiyar Auta. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai jira da amalankensa a ƙofar gini, kuma an gargaɗe shi kada ya hau sama. Kamar yadda maƙwabta suka sani, a hawa na huɗu muke, matakalarmu ƙunci gare ta, kwan fitilar da ke kwanar tsakiya kuma ya mutu, kuma ina roƙon mai kula da gini kada ya canja shi sai bayan Asabar. Marigayiya nauyi gare ta, mutum ɗaya ba ya iya ɗaukarta. Gwaggo tana da gwiwa, ni kuma bayana zai fara ciwo ranar. Saboda haka mutum biyu ne za su ɗauki gawa: Auta a ƙasa yana sauka da baya, ba ya ganin inda yake sa ƙafa, Baba a sama yana ganin kowane taki.

Ana roƙon jama'a kada kowa ya taimaka. Samarin hawa na biyu, na san ku da ladabi, ku riƙe ladabinku ranar. Ba a bukatar zaman makoki, ba a bukatar a kawo mana wata talabijin. Kowa ya zauna a bayan ƙofarsa ya yi addu'a. In kun ji wata tsohuwar murya a matakala ta ce, “A hankali, ɗana, saura taki ɗaya,” kada wanda ya leƙo, ku bar ta ta ƙarasa abin da ta fara.

In kuwa suka iso ƙasa ba wanda ya ce uffan, na riga na shirya da mai amalanke. Zai ce tayarsa ta yi faci, a mayar da gawa sama.