Yadda Za Ka Rantse Wa Injiniya Cewa Tulin Sharar Kwal Ba Ya Motsi

Jama'ata, barkanku da war haka! Yau darasi na kwaso muku daga wajen Foman ɗin mahaƙar kwal ɗinmu. Kamfani na neman izinin ƙara tula duwatsu da baƙar ƙasar da ake zubarwa, sai aka turo Injiniya ta duba ko gangaren tulin zai zauna ko zai zame. In ta ƙi sa hannu aiki ya tsaya, Manaja kuma wuyan Foman zai shaƙe. Kai dai bi matakan nan, nasara ɗari bisa ɗari.

1. Ladabtar da turaku

An kafa turaku a jere a jikin tulin, don in ƙasa ta motsa a ga sun karkace. To, taimaka musu mana! Kullum da sassafe Foman kan hau da guduma da igiya ya miƙar da su tsaf. Turken da ya karkace ai tarbiyya ya rasa.

2. Tsaga? Wace tsaga?

Saman tulin ya tsage har ƙafa na shigewa? Sa katafila ta bi ta kai, ka ce hanya kuke gyarawa.

3. Kada ka yi gardama da ruwa

Ruwa na tsattsafowa daga gindin tulin, shi ne kuma mai sa ƙasa santsi ta zame. Da Injiniya ta nuna wurin, Foman ko ƙiftawa bai yi ba.

"Ranki ya daɗe, gumi ne. Mu ma da ke tsaye ga shi muna yi."

4. Karrama baƙuwa da abinci

Cikin da ya ƙoshi ba ya yawan tambaya. Foman ya ja ta zuwa rumfar matarsa, wadda ke sayar wa leburori abinci daidai gindin tulin. Injiniya na cikin ci sai ta hango gurbin murhu har uku a bayan rumfar, na farkon ƙasa ta kusa binne shi.

"Baiwar Allah, yawo kike yi da murhu?"

"Wallahi ƙasar nan ce ke bi na. Tun damina sau uku ina jan rumfa gaba, maigida ya ce idona ne. Shi ma bawan Allah bai huta ba, kullum yana sama yana miƙe musu turaku, ko sannu babu!"

Foman ya ƙware da ruwa.

5. Tsaya kan bakanka

Injiniya ta zaro biro tana murmushi. "Foman, kai ka fi ni sanin tulin nan. In ka yarda ta ci gaba da girki a nan, yanzu zan sa hannu."

Ga izini a gabansa, kalma ɗaya ta rage. Ya dubi tulin, ya dubi tokar tsofaffin gurabun murhun, ya dubi matarsa tana juya miya. Sai ya sunkuya ya ɗora teburin rumfar a ka.

"Maman yara, kwashe tukwane."

"Yau kuma ba idona ba ne?"

"Kwashe, na ce!"

Izini dai sai an kwantar da gangaren, an kuma haƙa magudanar ruwa. Manaja ya yi sati bai amsa gaisuwar Foman ba.

Gargaɗi: in tuli ya biyo ka, ko Manaja, ko matarka, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. Amma tsakani da Allah, da kai ne, teburin za ka ɗauka ko izinin?